Shekarar da Na Binciki Arben

Na san abin da ake faɗa muku, ku 'ya'yan Rukayya, domin a danginmu ba a iya rage murya ba. An ce muku wai kakanku ya hana uwarku aure kusan shekara guda saboda ubanku farar fata ne. Wanda ya fara faɗin wannan magana, Allah ya shirye shi. Ni na yi aikin haɗa magunguna da Turawa tun uwarku tana rarrafe, na ci da su na sha da su, fatarsu ba ta ba ni tsoro, ba ta kuma burge ni. Abin da ya tsayar da ni daban ne, kuma tunda yanzu kun isa ku riƙe magana, gara ku ji ta daga bakin mai ita.

Rukayya 'yar wana ce, Yaya Sule, wanda ya rasu a Zariya ya bar ta ƙarama. Ni na ɗauko ta na kawo ta gidana a Clinton, nan Amurka, ta tashi tare da nawa, tana ce mini Baffa. Saboda haka aurenta a wuyana yake, ni ne waliyyinta, kuma in an yi kuskure ba ni da wanda zan ɗora wa. 'Yar cikina in na aurar da ita ga mutumin banza, ni da ita ne. Wannan kuwa akwai wani a kabari da zan haɗu da shi, ya tambaye ni.

Abin haushin, ni da kaina na kawo ubanku Arben gidan. Wata iska ta yaye mana gefen rufi, aka ba ni lambar wani mai gyara, ya zo da tsaninsa. Dogo ne, ba ya son magana, hannunsa na hagu babu yatsu biyu. Da azahar ta yi ya sauko ya nemi ruwan alwala, matata Hajiya ta yi ta murna kamar ta ga ɗan'uwanta, ta cika masa faranti da shinkafa da miya. Ya ce shi Ba'albane ne daga Kosovo, Musulmi tun kaka da kakanni. Na ce madalla, na sallame shi, na ɗauka mun rabu ke nan. Ba a jima ba sai na fara ganinsa a sahun Juma'a a ɗan masallacinmu na Landover, inda daga mu 'yan Najeriya sai 'yan Ghana da 'yan Nijar. Bayan wasu watanni kuma Rukayya ta zauna a ƙasa kusa da kujerata, tana murza gefen mayafi, ta gaya mini da Hausar da ba ta cika yi ba cewa Arben yana son ya zo ya gaishe ni. Da na ji ta bar Turanci na san magana ta yi nisa.

Ku ba ku san irin zaman da muka yi a waɗannan shekarun ba. Bayan babban harin da aka kai wa ƙasar nan, Musulmi ya zama abin kallo, mu kuma muka zama masu kallon juna. Kowa yana da labarin wani masallaci da wani baƙo ya shiga, ya fi kowa zuwa sallar asuba, ya fi kowa zafin addini, ashe rikoda ce a aljihunsa. Ko gaskiya ne ko ƙari, mun yarda. In baƙuwar fuska ta shigo, hirar siyasa takan koma hirar tirafik. To ga mutum fari, mara dangi, sana'arsa shiga gidajen mutane, kuma an ji ƙishin-ƙishin cewa ya taɓa riƙe bindiga. Ranar da ya zo gaisuwa ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa har ƙasa, ya ce mini ina wuni, ina gajiya, yaya iyali. Hajiya ta ji daɗi har da tafa hannu. Ni kuwa na ce a raina wa ya horar da wannan haka.

Abokina Malam Isiyaka, mutumin Kumasi, direban tasi ne, kuma ba abin da ke wucewa a Landover bai ji ba. Shi ya fara faɗa mini a fili abin da nake ɓoyewa. Muna tsaye a wajen ajiye motoci bayan Juma'a ya kama hannun rigata.

"Dakta, wannan yaro aiki shi ke yi. Ka san inda shi ke kwana? Woodbridge. Mutanensu suna can cike, suna da wurin taruwansu. Don me zai tsallake su, shi sha tirafik na babban titin 95, shi zo shi yi sallah da mu baƙaƙe?"

Wannan tambaya ta zauna mini a ƙirji. Na taɓa jan Arben da hira a kan yatsunsa, ya ce a yaƙi ya rasa su yana saurayi. Ya ce suna kan dutse, sojojin gwamnati suna ƙasa da tankoki, suka tare hanya har mata da yara suka tsallake. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya koma shan shayinsa. To ni na san mutane. Wanda ya tsare wa ƙauyensu hanya har ya bar yatsu a wurin, in ya shiga cikin danginsa tashi ake yi a ba shi kujera. Ba ya gudunsu. Ko dai labarin ƙarya ne, ko akwai ragowar da bai faɗa ba.

A wurinmu ba a ba da 'ya sai an yi bincike. A Zariya mahaifinmu yakan tura mutum unguwar su yaron, ya zauna wajen mai shayi, ya yi sallah a masallacinsu, ya ji me ake cewa a kan gidan ba tare da ya nuna abin da ya kawo shi ba. Kuma yana da wata ƙa'ida da na gada: bai cika damuwa da yabon abokai ba, yakan sa a nemo wanda suka ɓata da yaron, a ji abin da shi zai ce. Matsalar, unguwar su Arben tana bayan teku, kuma a faɗarsa an ƙone ta. Ba uwa, ba uba, ba kawu. Na gaya wa Rukayya ba zan ce e ba, ba zan ce a'a ba, sai na sami wanda ya san shi tun yana can. Ta ce da ni a Turance cewa nan Amurka ce, ba wanda ke yin haka. Na ce gidan nan ba Amurka ba ne. Daga ranar ta daina tsokanata a wajen cin abinci, gaisuwa kawai, ta wuce ɗakinta. Abin ya dame ni ƙwarai, domin duk cikin yaran ita ce mai sa ni dariya.

Watanni suka yi ta tafiya. Isiyaka ne ya samo bakin zaren, shi da yake neman hujjar da zai ce ai na faɗa maka. Ya gano wani shagon fiza a Woodbridge inda dattawan Albaniyawa ke zama ranar Lahadi, mai shagon kuma, wani tsoho Jafar, ƙauyensu ɗaya da Arben. Na sa babbar riga da hula na tafi ni kaɗai da hantsi, kafin masu saye su fara zuwa. Jafar gajere ne mai faɗin kafaɗa, gashinsa fari fat. Ya dube ni sama da ƙasa, na yi sallama, ya amsa, ya ja mini kujera. Bai tambaye ni abin da ya kawo ni ba sai da ya dafa gahawa a ɗan ƙaramin kofi, ya ajiye burodi da cuku, ya tabbatar na ci. Na ce a raina waɗannan ma sun san baƙo. Turancinsa a karye yake, nawa kuma har yau Zariya ba ta fita daga cikinsa ba, amma mun fahimci juna. Da na ambaci sunan Arben sai ya ajiye kofinsa a hankali, fuskarsa ta rufe. Ya ce ba a kiran sunan nan a inda yake cin abinci. Na ce to, amma ni ba gulma ta kawo ni ba, marainiya ce a hannuna, 'yar ɗan'uwana da ya mutu, kuma wannan mutumin ke nemanta. Sai ya tashi ya juya allon ƙofa ya nuna an rufe, ya dawo ya zauna.

Ya ce yaƙin gaskiya ne, kuma ya fi yadda Arben ya faɗa. Ƙarshen sanyi ne, ƙanƙara ta fara narkewa, sojoji suka shigo kwarin da tankoki da manyan bindigogi. Mutanen ƙauye suka kwashi abin da za su iya suka nufi wata siririyar hanya da ke ratsa dutse zuwa ɗaya gefen. Masu tsaron hanyar samarin ƙauyuka ne, manoma da makiyaya, wasu da bindigar farauta. Tanka ba ta hawa wurin, don haka sojoji suka hau da ƙafa cikin hazo. Ya ce an yi kusa da juna har kana jin tarin wanda kake harbi, kana jin yana kiran uwarsa. Samarin sun san kowane dutse tun suna kiwon tumaki, sojojin kuwa yaran birni ne, suna zamewa a laka. Kafin la'asar suka ja da baya suka bar gawarwakinsu, mata da yara suka tsallake. A nan harsashi ya ɗauke yatsun Arben, kuma bai bar wurinsa ba sai da aka ja shi. Jafar ya ce wannan ko maƙiyinsa ba zai hana shi ba.

Can sama akwai wata bukkar dutse ta mahaifin Arben, inda suke zama lokacin kiwo, bayanta kuma akwai kogo. A nan mayaƙan ke ajiye gari da masu rauni, kuma sojoji ba su taɓa gano wurin ba. Arben yana ciki ana ɗaure masa hannu sai ga wani sojan gwamnati, yaro kamarsa, ya ja ciki ya iso, ƙafarsa a farfashe. Ya ɗora hannu a dokin ƙofa, ya roƙi mai gida ya karɓe shi baƙo, da ɗan yaren Albaniyawan da ya iya. Jafar ya ce a al'adarsu ta dutse, wanda ya taɓa ƙofarka ya nemi mafaka ya zama amanarka, ko shi ya kashe ɗan'uwanka, har sai ka raka shi ya fita iyakarka lafiya. Suna kiran wannan alkawari besa, kuma gidan da ya karya shi ba ya sake ɗaga kai. Arben ya ce masa ya shigo. Da sauran suka dawo ɗauke da gawarwakin 'yan'uwansu suka tarar da soja kwance yana shan ruwansu, suka ce a fito da shi. Ɗan Jafar ne a gaba. Arben ya tsaya a bakin ƙofa da bindiga a hannunsa mai lafiya, ya ce duk mai son baƙon nan sai ya fara da mai gida. Ba wanda ya iya. Da sojan ya ɗan sami ƙarfi, Arben ya goya shi ya sauka da shi har bakin rafi inda 'yan'uwansa za su gan shi.

Ni har na fara jin sanyi a raina, na ce ai wannan abin yabo ne. Jafar ya ɗaga mini hannu. Ya ce bayan 'yan kwanaki, da safe, manyan bindigogi suka buɗe wuta daga kwari, kuma ba su yi lalube ba, kan bukkar da bakin kogon suka sauka. Masu rauni da masu jinyarsu duk suka tafi, har da ɗan Jafar. Arben ba ya nan, an aike shi ɗauko gari. Na tambaye shi ko sojan ne ya nuna wurin.

"Haji, wa ya sani? Wasu sun ce hayaƙi aka gani. Wasu sun ce jirgi. Ni na ce wanda aka goya ya sauka da idonsa a buɗe."

Na tambaye shi kai tsaye ko yana zargin Arben da yi wa wani aiki, can ko nan. Ya yi wani guntun tsaki, ya ce da ma ɗan leƙen asiri ne da abin ya zo masa da sauƙi, da ya san yadda zai tsane shi. Ya ce yaron bai yi abin da kakanninsu ba su koya musu ba, shi ya sa ba mai iya zaginsa a fili, kuma ba mai iya zama da shi. Ya raka ni har mota, kamar yadda suke yi, ya riƙe murfin ƙofar.

"Ba zan gaishe shi ba har in mutu. Amma in ya ce maka zai riƙe 'yarka, zai riƙe. Abin da ban sani ba shi ne wa kuma zai riƙe tare da ita."

Na kamo hanyar gida kaina ya yi nauyi. Na je neman maƙaryaci, na dawo da mutumin da cika alkawarinsa ya ci rayukan mutanensa, kuma ban san wanne ya fi ba ni tsoro ba. Isiyaka da ya ji ya ce ai shi ke nan, wanda ya fifita maƙiyi a kan nasa ba a ba shi 'ya, kuma shi har yanzu bai yarda ba a tsara labarin aka yi ba, har da tsohon. Hajiya, wadda da ita ce 'yar kamfen ɗin Arben, ta juya gaba ɗaya. Ta ce a ƙasar nan da ake kama mutum saboda wanda ya kwana a gidansa, wannan shi ne irin mijin da zai jawo wa matarsa bala'i yana ganin lada yake samu. Maganarta ba ta da makusa.

Na sa aka kira Arben. Bayan la'asar muka zauna a bayan gida, ni a kujera, shi ya ƙi zama sai a kan matakala. Na ce na je wurin Jafar. Bai musa komai ba, bai kuma ƙara komai don ya gyara kansa ba. Ya ce kullum yana lissafin hanyar da ya bi da sojan, yana tunanin da ya ɗaure masa ido. Ya ce ya zo masallacinmu ne don a nan in ya yi sujada ba wanda ke matsawa daga gefensa. Na ji tausayinsa, ba zan ɓoye ba, amma ba tausayi ya tara mu ba. Na ce masa tambaya ɗaya gare ni. A ce yau ne, gidanka ne, Rukayya tana ciki da goyo, wani da ake nema ya taɓa ƙofarka. Me za ka yi? Amsar da nake so a bayyane take, yaro ƙarami ma zai gane ta. Ga abin da ya ce:

"Zan buɗe, Alhaji. Zan fitar da ita ta baya in na samu dama, amma zan buɗe. In na ce maka ba zan buɗe ba, wani mutum za ka ba 'yarka, ba ni ba."

Raina ya ɓaci sosai, na sallame shi ba tare da na miƙa masa hannu ba. Amma a ranar zargin leƙen asiri ya fita daga kaina, domin wanda aka horar ya shiga jikin mutane ba ya ba da amsar da za ta sa a kore shi. Na kira Rukayya na zayyana mata komai, ina jiran ta firgita. Ashe ta sani tun kafin ta kawo mini maganarsa, shi ya gaya mata, har da wannan amsar. Ta ce ta yi kukanta ta gama, ta yi istihara, kuma ta zaɓa. Ta ce abin da ya rage nawa ne, ba za ta yi aure ba da yawuna ba, amma kuma ba za ta kawo mini wani ba. Na yi makonni ina juya abin. A ƙarshe na ga cewa mutumin da na san inda haɗarinsa yake ya fi mini wanda ban sani ba, kuma yarinyar ba a rufe take shiga ba. Na ce na ba shi. Ban faɗa da farin ciki ba.

Abin ya ci mini abubuwa. Isiyaka bai zo ɗaurin auren ba, ya kuma ja wasu suka ƙi zuwa, abotarmu ta koma ɗaga hannu daga nesa har ya koma Kumasi. Hajiya ta yi hidimar biki kamar yadda ya kamata, amma ta daɗe tana ce mini in wani abu ya faru kada in kalle ta. Uwarku kuma, ko da ta gode mini, wasan da ke tsakaninmu bai dawo kamar da ba.

Saura matsala ɗaya. A ɗaurin aurenmu ango ba ya karɓa da bakinsa, sai wakilinsa, babba daga danginsa, ya nema a ba shi. Arben ba shi da kowa. Liman ya ce a ɗauki kowane dattijo a masallaci, ni kuwa abin bai kwanta mini ba, kamar in ba da 'ya ga iska. Na buga wa Jafar waya na gaya masa yadda al'adarmu take da ranar da aka sa. Ya saurara har na gama, ya ajiye wayar. Ranar, bayan an sallame Juma'a, an jawo goro da alewa, sai ga shi a bakin ƙofa da tsohuwar kwat da wata farar hula kamar rabin ƙwai. Ya ratsa mutane ya zauna a gabana. Arben yana gefe, ya miƙe zai gaishe shi, tsohon ko kallonsa bai yi ba. Liman ya yi masa bayani, Jafar ya nema wa ɗan ƙauyensu auren Rukayya, aka ambaci sadaki, na ce na bayar, ya ce ya karɓa, aka shafa fatiha. Bai ɗauki goro ba, ya miƙe. Na bi shi har waje ina yi masa godiya, ya ce in bar godiya, ba don yaron ya zo ba, don kada a ce mutumin ƙauyensu ya tsaya gaban baƙi ba kowa a bayansa. Ya buɗe motarsa, sannan ya juyo ya dube ni.

"Ni nawa ya riga ya tafi, Haji. Yanzu kai ne kake da 'ya a bayan ƙofar yaron nan."